Gilashin Neville Ba Shi da Laifi

Tsawon shekara talatin da takwas, da zarar watan Afrilu ya kama, sanyi ya fara cizon kunne a garinmu Bothwell, ƙarar a-kori-kurar Neville Triffitt ce ke riga kowa fita. Tsani biyu a sama, buroshin sharar bututun hayaƙi a baya, gorar shayi a gefen kujera. Ya hau rufi ya kakkaɓo kunkunniyar bara, ya sauko ya durƙusa gaban murhun ɗaki, ya duba ƙofofin gilashin da ya ɗora da hannunsa. Rabin gidajen garin nan shi ya sa musu. Daga nan sai karatu, wanda ba mai tsallake shi, ko likita ne.

"Wuta na ci, a wangale ƙofa, a ja ragar tare tartsatsi. Wuta ta kwanta, a rufe ruf, kada ɗumin ɗaki ya bi bututu ya gudu. Rabi-da-rabi babu. Maimaita in ji."

Da girmanka da furfurarka sai ka tsinci kanka kana biyawa kamar ɗan aji ɗaya. Yana juya baya mu kwashe da dariya. Ni Glenys Direen, mai wannan rubutu, na fi kowa iya kwaikwayon muryarsa.

Amma a tambayi Clive Bester mai tumaki. Ya ɗauko jiƙaƙƙen tsumma zai goge gilashi da zafinsa, Neville ya cafke masa hannu. "Clive, wallahi tumakinka sun fi ka hankali. Bari ya huce. Gobe ka jiƙa tsohuwar jarida, ka dangwali toka, ka murza." A tambayi Maureen Badcock. Jikarta na rarrafe, Neville ya ce a kewaye murhun da shinge, ta ce ai da wuta ta kwanta shi ke nan. Bai yi musu ba. Ya sha shayinsa, ya jira harshen wuta ya ɓace, ya ƙara rabin awa, sannan ya lakato man shanu ya shafa a gilashin. Nan take ya narke ya zubo. Ya ce, "Wannan tafin hannun jikarki ne." Kafin yamma shinge ya tsaya. Yarinyar yanzu goge take kaɗawa a birnin Hobart, da yatsunta goma lafiya lau.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban ɗauki biro don in yabe shi kaɗai ba. Akwai abin da na yi masa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da mijina Alwyn ya rasu, a watan Mayu. Shi ne mai hura wuta a gidanmu, ni sai dai in miƙa ƙafa. Wata Lahadi da rana a watan Yulin shekarar, sanyi ya shiga min har ƙashi, gidan ya yi min faɗi. Na kwaso busassun katakon shingen da ya bari a rumfa, na haɗa da kwalaye, na cusa har murhun ya cika. Wuta ta tashi tana ruri. Na ji tsoron tartsatsi, raga kuma ta cije, na rasa haƙurin gyara ta. Sai na rufe ƙofofin gilashin duka biyu. Ina jin muryar Neville a kunnena sarai, na ce a raina tsohon nan ya cika surutu. Ba a yi minti ashirin ba sai ji na yi tas! Gilashi ya watse a kan darduma kamar an zazzage buhun gishiri.

Washegari a taron ƙungiyar mata, ana yanka kek, aka tambaye ni yadda gilashin ya fashe. Da bakina na ce, "Gilashin banza Neville ya sa min. Kaɗan ya rage in rasa ido." Ban ce uffan a kan katako ba, ban ce na rufe ƙofa ba. Magana zarar bunu ce. Kafin ƙarshen mako ta zaga gari ta kai gonaki. Sanyi biyu a jere, a-kori-kurarsa ta fi zama a ƙofar gida fiye da hawa titi, mutane na kiran baƙi daga birni. Ina wucewa ina ganinta. Sai in kau da kai.

Shi kuwa ranar Talata ya zo, ya share, ya auna, ya dawo ya ɗora sabo, ya gyara ragar. Ranar ce kaɗai a rayuwarsa bai ce "maimaita in ji" ba.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi masa shayin sallama a zauren gari, domin gwiwoyinsa sun ƙi tsani. Ina zaune sai na ji wata a bayana tana cewa, "Mutumin kirki ne kam, amma ba shi ne gilashinsa ya kusa tsiyaye wa Glenys ido ba?" Shekara goma sha ɗaya, maganar tana nan da ranta. Na haɗiye lomata, na sake yin shiru. Kunyar wannan shirun ta fi ta farko ci min rai.

Da safe na ɗauki tukunyar miyar kabewa na tafi gidansa. Na same shi yana faskare a zaune kan kututture.

"Nev, ni na rufe ƙofar ranar nan."

Bai ko ɗago ba. "Na sani. Fentin cikin ƙofar duk ya kumbura, ga ƙusoshin shinge cikin toka. Shingen Alwyn kika ƙona, ja'ira. Katako mai kyau kuwa."

"To me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? In tsaya a kanti in ce matar abokina maƙaryaciya ce, kabarinsa ko ciyawa bai fitar ba?" Ya leƙa tukunyar. "Kin sa barkono, ko lami ce irin ta asibiti?"

Na yi dariya, na yi kuka, ya miƙo min hankicin da ya fi bututu baƙi.

Neville, kai ne mai baƙin hannu da farar zuciya. Kai ne ka hau rufinmu da ƙanƙara a kai don mu yi barci cikin ɗumi. Kai ne ka ɗauki laifin da ba naka ba ka ajiye shi kamar amana, mai laifin kuma tana gaishe ka a hanya. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango wanda ba ka ma yi ba. Na gode. Ba zan iya dawo maka da sanyin nan biyu ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Ku kuma matasan da za su gaji tsaninsa, kada ku ɗora ƙofa ku juya. Ku tsaya ku koyar, ko za a yi muku dariya. Mu masu gida mu riƙe karatun: wuta na ci a wangale a ja raga, ta kwanta a rufe.

Wadda ta yi magana a bayana ranar Asabar, da duk wanda ya taɓa jin labarin nan ya kai gaba, ga gyara, ku kai shi inda kuka kai wancan. Gilashin Neville Triffitt bai taɓa yin laifi ba. Ni na rufe ƙofar.