Har Gobe Sunana Mai Jego

Assalamu alaikum Edita. A yi haƙuri da rubutuna, aji biyu na yi a boko malam ya ce in je gida in huta, shi ma ya huta. A shekarun da ake bin layin sabulu da sukari a Accra, ni mai facin taya ne a Abossey Okai, ina zaune a ɗaki guda a wani gidan haya a Maamobi. Ba ni da komai sai baki. Idan mutum ya yi tuntuɓe da safe, kafin azahar na raɗa masa sunan da zai bi shi har kabari.

Matata koko da ƙosai take sayarwa a bakin tasha. Da ta haifi ɗanmu na uku aka yi arba'in, ciki ya ƙi komawa, har matan gida suna tambayarta ko ta sake ɗauka ne. In za ta tashi daga tabarma sai wani tudu ya taso a tsakiyar cikin kamar burodi. Baya ya riƙe, goyo ya gagara, tukunyar koko kuwa sai dai ta kalle ta. Mma, mahaifiyata, ta yi duk abin da ta sani: gasa ciki da tsumma da ruwan zafi, kunun kanwa, ɗauri da zane. Shiru. Sai ni mai basira na ce a raina, ai abin da ya saki ɗaure shi ake yi, kuma wannan aikina ne. Na yanko faffaɗar roba daga tif ɗin tayar babbar mota, na wanke da sabulun da na sha layi a kansa, na naɗe mata ciki tamau. Ta tambaye ni ko ce mini aka yi ita tirela ce. Na ce ta bari dai ta ga aikin ƙwararru.

Ta gani kuwa. Numfashi ya koma sama-sama, ƙuraje suka feso, kuma ko tari ta yi sai fitsari ya kuɓuce mata. Na same ta bayan ƙyaure tana kuka, ta ce ta gama shiga mutane, in sa ta a mota ta koma wurin iyayenta can arewa. Washegari na ɗauke ta sai asibiti.

A asibitin unguwa muka faɗa hannun wata unguwarzoma 'yar ƙabilar Ga, Hausarta duk a karye amma faɗanta lafiya lau. Ta ɗaga robar da yatsa biyu ta tambayi wane injiniya ne ya yi wannan, har ta kira 'yan uwanta su zo kallo. Da ta gama da ni, ta kama hannuna ta ɗora sama da cibiyar matata, ta ce mata ta ɗan ɗaga kai. Yatsuna suka nutse. Ta ce naman gaban ciki biyu ne kamar ƙyauren shago, juna biyu ya raba su, kuma can ƙarƙashinsu akwai wani da ya zagaye mutum kamar ɗamara. Shi za a tasa daga barci, daga ciki, don matsewa ta waje tura komai ƙasa take yi. Ta ce matata ta riƙa kwanciya rigingine ta tanƙwara gwiwoyi, ta hura iska a hankali tana jan mara ciki kamar mai ƙara ɗaure zariya, tana matse ƙasa kamar mai riƙe fitsari, sannan ta saki. In za ta tashi ta mirgina ta gefe. Ba bokiti, ba tukunya. Sai ta juyo ta tambaye ni, to Oga injiniya, wa zai ɗebo ruwa?

Ni na ɗebo. Na bi layin mata a famfo da bokiti a ka. Matata kuma a gida kunya ta hana ta yi, ta ce wannan wasan yara ne, sai na shimfiɗa tabarma kusa da ita ina yi tana bi. Ran nan zafi ya sa muka bar ƙofa a buɗe, iska ta ɗage labule, maƙwabcinmu mahauci ya gan ni rigingine, gwiwa sama, ina hura iska kamar kwaɗo. Kafin magariba duk Maamobi ta san Mai Jego. A majalisa suna tambayata ko nono ya zo, yaushe ne suna, rago nawa za a yanka. Wani ya aiko mini zanen goyo har wurin faci. Mma ta ce an shanye ni, ita ta haihu bakwai ba ta taɓa birgima a tabarma ba. Na sunkuyar da kai na ce gaskiya ne Mma, amma ina ganin yadda kike dafa bango kafin ki miƙe. Takalminta ya same ni a kunne.

Ba zan yi ƙarya ba, abin ya ci ni. Ni da nake raɗa wa mutane suna, yau ga nawa ya fi na kowa zama daram. Ranar da mahaucin ya kawo mini kunun kanwa a ƙwarya gaban jama'a, ya durƙusa yana yi mini barka da sauka lafiya, saura kaɗan in jefar da bokitin. Sai na tuna matata bayan ƙyaure. Na karɓa na shanye tas, na ce masa kanwar ta yi kaɗan, gobe a ƙara, kuma ina jiran balangu tunda mai jego sai da nama.

Watanni muka ɗauka. Fitsarin ne ya fara tsayawa, ramin ya riƙa rufewa, har wata safiya ta saɓa yaron a baya ta ɗaure zane, ta fita zuwa tasha tana gaisawa da mutane ɗaya ɗaya. Zancen motar arewa bai sake tasowa ba. Bayan shekara biyu matar mahaucin ta haifi tagwaye. Ya ja ni gefe yana sosa ƙeya, ya ce wai wannan hura iskar yaya ake yinta. Na ce baki ba ya koyar da ita, sai an kwanta. A tsakar gida na shimfiɗa masa tabarma.

Abin da na koya, jikin mace ba taya ba ne, ba a yi masa faci. Maza, in matarku ta haihu ciki ya saki, kada ku ƙulle ta, kada ku bar ta da bokiti, ku kai ta wurin waɗanda suka sani. Robar nan ita kaɗai nake nadama. Tabarmar kuwa, ko yau aka ce in kwanta zan kwanta, in gwiwa ta yarda. Yanzu na tsufa, jikokina ma Baba Mai Jego suke ce mini, ita tsohuwar matar tawa na gefe tana dariya, bayanta a miƙe. Ina amsawa da ƙarfi.