Tafintan Rashanci na Sparkhill

In ana neman wawan wannan labari, kada a wahala, ga ni.

Da ƙuruciya na tuƙa wasu injiniyoyin Rasha a wurin aikin ƙarfe, na tsinci gaisuwa da “na gode” da zagi guda. Karatuna kuwa bai wuce firamare ba. Amma da muka tare wurin ɗana a unguwar Sparkhill, can ƙasar Turawa, ni da Hajiya, sai na sanar da gida cewa Rashanci a bakina kamar fura.

Lokacin gwamnati na tsuke bakin aljihu, sai wani ɗan laburare da nake zuwa ɗumama ƙashi ya rufe, aka raba kaya kyauta. Na kwaso fayafayan fina-finan Rasha da kowa ya ƙi. Duk Lahadi bayan la'asar in zauna gaban talabijin ina fassara, irin yadda yaran Kano ke yi wa na Indiya. Soja ya yi ihu cikin ƙanƙara, in ce, “Yana cewa a gaida tsohuwarsa.” Mace ta yi kuka, in ce an sake ta. Har na barkwancin ma sai na sako masa makoki. Hajiya ta yi ta salati tana share ido.

Ran nan jikata, wadda nake kira amaryata, ta kawo manemin aurenta daga Manchester ya gaishe mu. Likita ne. Muna tsakiyar wani fim na yaƙi ta ce, “Angona, ka samu abokin hira. A Rasha ya yi jami'a, shekara da shekaru.”

Girman da na tara a falon nan, gaban mata da jikoki, shi ke nan yau zai zube, kuma a hannun wanda ya zo ƙwace min amarya.

Hajiya ta ce, “Alhaji, ci gaba mana.”

Na ci gaba. Wani mai gemu ya ɗaga kofi yana dogon jawabi, na ce wasiyya yake bari. Na saci kallon likita. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi, ya ce, “Haka ne, Baba. Kusan haka ne.”

Wallahi a take na ba shi yarinyar a zuciyata. Yaro mai kunyar surukai irin wannan ba a barinsa ya koma Manchester hannu rabbana.

Da ya tafi na miƙe ƙafa, na ce, “To, Hajiya, kin dai ji da kunnenki. Likita guda ya sa min hannu.”

Ta ɗauke kofunan shayi ba ta ko dube ni ba.

“Alhaji, sojan da ka kashe mana wancan makon, muka yi masa addu'a, shi ne yau yake rawa da mai gemu. Ka zaci fim muke kallo? Kai muke kallo.”