Kalma Uku Da Aka Cire Daga Muryar Malama Uwani

Wata rana bayan la'asar ina zaune a shagona na buga takardu a Funtuwa. Babu wuta tun safe, kaina sai sarawa yake.

Sai wani magidanci ya yi sallama. Tsaf-tsaf da shi, zai kai shekara arba'in da biyar. Har yau ban san sunansa ba.

Ya ce ya ga ɗan bidiyon da na saka kan manhajar gyaran sauti ta kyauta, irin wadda ɗan koyo ma zai iya. Yana so in nuna masa ido da ido.

Na gaji, amma na jawo masa kujera.

Ya turo min wata murya mu gwada da ita. Muryar mace ce, minti huɗu. Cajin kwamfutata ya kusa ƙarewa, don haka ban tsaya sauraro ba.

Na nuna masa yadda ake zaɓar wuri a yanke. Na nuna masa yadda ake goge bakin yankan, yadda kunne ba zai gane an taɓa ba.

Minti ashirin, ya iya. Ya yi godiya, ya tafi.

Ban tambaye shi me zai yi da ita ba.

Bayan kwana huɗu, wata murya ta cika wayoyin unguwa. Daƙiƙa shida kacal:

"Ban damu da yaranku ba."

Muryar Malama Uwani ce, shugabar makarantar firamaren da jama'ar unguwa suka gina. Shekara ashirin da biyu tana wurin.

Iyaye suka fusata. Wasu suka cire yaransu. Kwamitin makaranta ya dakatar da ita kafin Juma'a.

Da na ji muryar, sai na tuna da magidancin da na koya wa yanka. Na buɗe kwamfuta, na nemo wadda mutumin nan ya turo min. A karon farko na saurare ta daga farko har ƙarshe.

Ga abin da ta faɗa:

"Wai an ce ban damu da yaranku ba. Ni da ba na barin makaranta sai na tsallakar da na ƙarshensu titi..."

"Wai an ce." Abin da ya cire ke nan.

Na saka cikakkiyar muryar a duk zauren sada zumunta da nake ciki a waya. Tsiraru ne suka buɗe. Minti huɗu ya yi wa mutane tsawo.

Na kai wa kwamiti, daga nan na wuce gidanta. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na durƙusa na gaya mata komai.

Ta ce, "Kai ka yanke, ɗana?"

Na ce, "A'a, Malama. Amma ni na koya masa."

Ta ci gaba da tsince wakenta.

Sannan ta ce, "Kai ko ba komai ka zo. Waɗanda na koya wa rubuta sunansu, su suka fi tura ta. Ko mutum ɗaya bai kira ya ce, Malama, da gaske ke ce?"

Na yi mata sallama, na fito.

Kwamiti ya ba ta haƙuri, ya roƙe ta ta dawo. Ta ce ta yafe wa kowa, amma ta gaji.

Ba ta koma ba.

Har yanzu ina koyar da gyaran sauti, don masu naɗar karatu da masu tallar kayansu suna bukata. Sai dai yanzu ba na taɓa muryar kowa sai na saurare ta duka, kuma sai na ji me za a yi da ita.

Darasi: In aka turo maka guntuwar murya, tambayi ina farkonta, ina ƙarshenta. Kira mai muryar kafin ka tura. Mai yankewa mutum ɗaya ne, sauran ɓarnar da yatsunmu ake yin ta.

Tura wannan zuwa zauren unguwarku da na danginku. Amma don Allah tura shi duka, kada ka yanke.