Garwa Biyu da Sanda

Ranar da aka sauko daga Mina, a hajjin 1964, Baba ya aro ɗakin maƙwabcinmu a unguwar Mansur ta Makka, da darduma da butar shayi, har da rawanin da ya naɗa. Baƙo za mu yi, Alhaji Ilu, mutumin garinsu, wanda zai koma gida da labarinmu. Haka ake yi a lokacin: wanda ya zauna a Makka ba ya bari alhazan garinsu su ga inda yake kwana. Shekara da shekaru Baba yana aika saƙo gida cewa karantarwa yake yi a Harami. Alhali ruwa yake sayarwa. Tun asuba yake hawa da sauka a tudun unguwa, garwa biyu a rataye a sanda, kafaɗarsa duk kanta. Ni nake bin sa ina ƙwanƙwasa ƙofofi, don makarantar allo ta gaji da ni tun ban haɗa baƙi ba.

An yi mini wanka, an ce in zuba shayi in yi shiru. To, ni da shiru ba mu taɓa zama inuwa ɗaya ba. Baƙo ya shafa kaina ya ce, "Ɗan malam, wane littafi babanka yake karantarwa?" Na ce, "Littafi? Garwa biyu dai da sanda!" Na tsaya ina jiran a yi dariya. Babu wanda ya yi. Alhaji Ilu ya zuba wa darduma ido, Baba ya miƙa masa dabino.

Na shirya wa duka, bai zo ba. Da baƙo ya tafi, Baba ya warware rawani, ya ninke, ya ce, "Ba ka yi ƙarya ba, ya waladi, ɗana. Mayar musu da kayansu." Daga wannan shekara, in alhazai suka iso, ta lungu yake bi da garwarsa. Bai sake aika saƙo gida ba har ya rasu.

Yanzu famfo ya shiga kowane gida. Jikata mai karatun jami'a ta ce mini kalmar da Turawa ke kiran tsagwaron gaskiya da ita, "fact", daga Latin ta fito, ma'anarta abin da aka riga aka aikata. Na ce mata tsofaffin nan sun san abin da suke faɗa. Tawa gaskiyar ban iya mayar da ita ba, ko da na girma na gane nauyinta.