Garin Zogale da Idon 'Yar Hawainiya

A garinmu, idan mace ta ga hawainiya a kan darni, salati take yi ta ja da baya, a kira wani ya sa sanda ya wurga ta bayan gida. Kakata cewa take idan ta tofa maka yawu, fatarka za ta yi dabbare-dabbare har ka koma ga Allah. Da wannan na girma, da shi na hau jirgi. Sai ga ni da shekara arba'in da 'yan kai, a wani tanƙamemen gida a unguwar Irving Park, can ƙasar Turawa, riƙe da kwalbar feshi ina yi wa hawainiya ruwan sama safe da rana.

Aikina kula da tsofaffi ne. Kamfanin da nake wa aiki ya tura ni gidan wani tsohon Bature da matarsa ta rasu ta bar shi shi kaɗai da ɗakuna bakwai. In zo da safe in ba shi magani, in dafa masa abin nan da suke kira abinci, in tafi da la'asar. Baba nake ce masa. Ranar farko ya tambaye ni ma'anar kalmar, na gaya masa, ya ce ya karɓa.

Matar ce mai kiwon hawainiya. Ba ta ga kaza ba, ba ta ga akuya ba, ko mage ba ta gani ba. Kafin ta kwanta ciwo, wadda take kiwo ta yi ƙwai, ta jera su a wani akwatin roba ta sa a kabad. Ƙwan hawainiya ba ya gaggawa, halin uwarsa ne da shi. Matar ta rasu, aka binne ta, watanni suka shuɗe, sannan suka ga damar ƙyanƙyashewa. 'Yar Baba guda ɗaya tilo ta zo daga wata jihar, ta kwashi uwar da 'ya'yan ta kai wa wani mai kiwonsu a McLeansville. Baba ya roƙa a bar masa ɗaya. Roƙo fa, a gidansa, a wajen wadda ya haifa.

Ta bar masa, amma da sharaɗi. Dama ta riga ta samo masa ɗaki a gidan tsofaffi, kullum maganarta ke nan wai ya fara mantuwa. Ta ce idan ya iya kula da wannan abar da kansa, abincinta da maganinta, to hankalinsa na nan, ya ci gaba da zama. Idan ya kasa, a sayar da gida. A gabana ta faɗa, tana danna waya, ko kallonsa ba ta yi. Wato halittar da ba ta kai ƙaramin yatsana ba ita ce shaidar hankalin dattijo, kuma zamansa a gidan da ya yi shekara arba'in a ciki ya rataya a kanta.

Akwai takarda da marigayiyar ta rubuta da hannunta, an manna a jikin kejin. Ko jaririn sarki ban ga an yi wa irin wannan tsari ba. Fitila ta musamman, a kunna da safe a kashe da magariba. Feshi a kan ganye, domin gimbiya ba ta shan ruwa a kwano, sai ɗigon da ke bisa ganye, da shi kuma take wanke ido. Abinci ƙananan ƙudaje ne marasa tashi, waɗanda ake saye a kanti. Ƙuda fa! Kullum a barbaɗa musu wani farin gari saboda ƙashinta kafin a zuba mata. Sannan ga wata 'yar kwalba ta garin bitamin, wadda ake barbaɗawa ranar ɗaya ga wata da ranar sha biyar kawai, gwargwadon kan ashana. A ƙasa matar ta rubuta ta ja layi biyu: wannan na ido ne, kada a rage, kada a ƙara.

Hankalin Baba ras yake, ni shaida ce. Hannunsa ne ya gaza. Rawa yake yi, idan ya ɗauki cokali rabin shayin a riga yake ƙarewa, kuma ya ƙware wajen ɓoye shi a aljihu duk lokacin da 'yar ta kira ta bidiyo. Ranar ɗaya ga wata ya miƙo min kwalbar bitamin ɗin, sabuwa dal, ya ce, “Ki riƙa auna min. Kan ashana ya fi ƙarfina. Amma kada ki gaya mata.”

Na ce, “Baba, ko a mafarki.”

Na shiga kicin da kofin ƙudajen, na juya kwalbar na karanta bayanta. Sunaye ne zuƙa-zuƙa da ko harshe ba ya iya lanƙwasawa, ga gargaɗi wai idan ya yi yawa zai iya yin illa. Na ja tsaki. Abin da kan ashana biyu zai yi illa, guba ce, ko da wane suna aka kira ta. Farin garin ƙashi na yarda da shi, don ya yi kama da farar ƙasa da masu ciki ke ci. Amma wannan, na ce a raina, dabarar masu kanti ce kawai. Hawainiyar garinmu da ke yawo a kan rama da zogale, wa ya taɓa bin ta da bitamin? Kuma tun daga nesa take hango ƙwaro.

A jakata kuwa ba na rabuwa da garin zogale da ƙanwata ke aiko min daga gida. Da shi na raini 'ya'yana uku, ba wanda ya taɓa sa tabarau. Duk Bahaushe ya san ba bitamin ɗin da babu a zogale. Na ɗebi ɗan kaɗan na barbaɗa wa ƙudajen, na kaɗa kofin suka yi kore shar, na kai mata ta cinye. Na mayar wa Baba da kwalbarsa, ya je jikin kalanda ya yi alama da jan biro. Ranar sha biyar ma haka, watan gaba ma haka. Wallahi har daɗi nake ji, ina ganin na ceci marainiya daga hannun Turawa.

Ba zan ce ta shiga raina ba, har yau tsigar jikina tashi take in na tuna tafiyarta, taku ɗaya sai ta yi shawara. Amma ina ganin abin da take yi wa Baba. Mutumin da da sai na yi da gaske yake barin gado, yanzu kafin in iso ya zauna a gaban keji yana jira. Idanunta kowanne harkarsa daban yake yi, ɗaya na bin ƙuda, ɗaya na kallona kamar na ci mata bashi. Sai ka ga duka biyun sun haɗu wuri guda, harshe ya fita kamar an harba, ƙuda ya ɓace. Baba ya buga gwiwa ya ce, “Kin gani?” Na gani, Baba, hawainiya ta ci ƙuda, sai a buga a jarida.

A wata na uku ta fara rufe idon hagu da rana tsaka. Tana goga shi a jikin reshe. Sai ta fara kuskure, ta harba harshe ya wuce ta gefen ƙudan. Baba ya duba takardar matarsa, ya duba kalanda, ya ce ai ba mu tsallake ko ɗaya ba. Na ce ƙila ƙura ce. Ranar sha biyar na ninka zogalen.

Bayan sallar Juma'a na tari wata Hajiya 'yar zangon Kumasi, wadda ta fi ni daɗewa a wannan aikin, na ba ta labari a kunne. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

“Ke yanzu raino kike wa hawainiya? Obroni, Baturen nan, ba zai kashe mu ba! To jariri in ya rufe ido me ake sa masa?”

Na ce, “Kwalli.”

“To me kike jira? Apointimen ɗin likita?”

Ka ji likitocin, ni da ita. Ranar Litinin, Baba na banɗaki, na yi bisimilla na sa hannu a keji. Karo na farko ke nan da na taɓa hawainiya a rayuwata. Sanyi ne da ita, ba nauyi ko kaɗan, ta kama yatsana da 'yan ƙafafunta. Idon ya kumbura, ƙofarsa ba ta wuce hudar allura ba. Na dangwali kwallina da tsinke na shafa mata, har da addu'a. Kwana biyu idon dama ma ya rufe. Ta daina ci ɗungurungum, don abin da ba ta gani ba ba ta harbinsa. Ƙudaje na yawo a kan hancinta tana maƙale da reshe, ta yi baƙi-baƙi. Garin gyaran gira ke nan, na rasa ido, kuma idon ba nawa ba.

Ba yadda Baba zai yi, dole ya kira 'yar, domin mai duba irin waɗannan dabbobin yana da nisa kuma an hana ni ɗaukarsa a motata. Ta zo da fuska a ɗaure, ta kwashe mu, ni a baya da keji a cinya.

Likitar wata matashiya ce mai sanyin murya. Ta haska idon, ta buɗe bakin, ta ce alamun sun yi kama da ƙarancin bitamin A, kuma 'ya'yan hawainiya ba sa jure shi saboda girman da suke yi da sauri. Na daure na tambaya, kamar mai neman ilimi kawai, ko ganye ba zai wadatar ba. Ta ce irin wanda ke cikin ganye ba lalle ne jikinsu ya iya juya shi ba, shi ya sa ake ba su wanda aka riga aka haɗa, kaɗan-kaɗan, don yawansa ma cuta ne. Ta tambayi Baba ko yana ba ta. Ya ce ranar ɗaya da sha biyar, ba fashi, ya laluba aljihu ya fito da kwalbar yana alfahari.

'Yar ta karɓa ta murɗe murfin. Takardar azurfar da kamfani ke liƙe baki da ita tana nan daram, ko farce bai taɓa ta ba.

Kafin kowa ya ce uffan, likitar ta goge idon hagun da auduga, audugar ta fito baƙa. Ta ce, “Wani ya sa mata wani abu a ido ne?”

Baba ya juyo ya dube ni. Ba fuskata ya duba ba, idona ya duba, wanda na rambaɗa wa kwalli da safen nan kamar kullum. Ya daɗe yana kallo. Ni da ba a taɓa rufe min baki a gidan suna ko a layin banki ba, na sunkuyar da kai ina kallon keji. Tsoro ne ya kama ni, tsoron kamfani da takardar kora, ba wani abu ba.

Ya mayar da kansa ga likitar ya ce, “Ina jin ni ne. Na manta.”

'Yar ta sauke numfashi, irin na wanda ya ci shari'a. A mota ta fara kiran gidan tsofaffin. Hawainiyar kuwa aka wanke mata ido, aka ɗiga mata magani da awo, aka miƙa ta McLeansville. Daga baya na ji ido ɗaya ya buɗe.

Kwana biyu ina juya abin a raina. A na uku na kira 'yar na zayyana mata komai, zogalen, kwallin, Hajiyar ma ban bar ta ba. Ta saurara har na gama, sannan ta yi wata 'yar dariya mai taushi ta ce, “Ya gaya min za ki kira ki ce ke ce. Ke mutuniyar kirki ce. Amma ba a taimakonsa da rufa masa asiri.” Na rantse, na maimaita. Ta ce za ta rubuta wa kamfaninmu takardar yabo. Ta kuwa rubuta.

Ranar da za a tafi da shi na zo da wuri, na same shi zaune a bakin gado yana fama da maɓallin riga. Na durƙusa na ce, “Baba, ka yafe min. Ni na fitar da kai daga gidanka.” Bai ce ba ni ba ce. Na ce, “Me ya sa ba ka faɗi gaskiya ba?”

Ya ɗago hannayensa biyu a gabana, ya bar su suna rawa a fili.

“Da na ce ke ce, tambayarta ta gaba ita ce me ya sa ke kike aunawa ba ni ba. Ta ko'ina tafiya zan yi. Me zai sa mu tafi mu biyu?”

Aka yi hon a waje. Na ɓalla masa sauran maɓallan.