Na Ji Suna Shirin Kama Garinsu, Na Yi Shiru

A lokacin da wannan abu ya faru ni direba ne a wani kamfanin motocin haya a Doha. Ina zaune a unguwar Bin Omran, ɗaki ɗaya da wani bawan Allah mai aikin gadi. Bahaushe ne, amma haifaffen wata ƙasa da yaƙin basasa ya ɗaiɗaita. Ya girme ni, don haka Yaya nake ce masa. Mahaifiyarsa da ƙannensa mata suna can garinsu, kullum yana yi musu waya, su ce masa lafiya lau, faɗan bai zo kusa ba.

Ana nan sai kamfani ya ba ni aikin ɗaukar wasu baƙi daga ƙasar su Yaya, aka ce sulhu ya kawo su, aka kuma gargaɗe ni da in kama bakina. Ƙungiyoyi biyu ne na 'yan tawaye da ba sa ga maciji da juna, har mota daban ake ba kowacce. Shugaban waɗanda nake ɗauka dattijo ne mai sanyin murya, yana jin Hausa sosai. Yakan sa in kai shi cin tuwo a Al Muntazah, ya tambayi lafiyar iyalina, ya sa mini albarka. Daga baya sai na ga shugabannin biyu suna shiga motata tare, da wani baƙo daga wata ƙasa mai ƙarfi, wanda in ya yi magana kowa sai ya yi tsit. Daga hirarsu na gane cewa ƙasarsa ba za ta ba su makamai ba sai sun zama ƙungiya ɗaya. Na kuma ji sun ambaci garin su Yaya, cewa da shi za su fara in damina ta wuce. Na ce wa raina ai hirar manya ce, ba ruwan direba. Ranar da suka haɗe suka ɗauki sabon suna, dattijon ya jawo ni cikin hoto, na tsaya a bayansa ina murmushi.

Damina na wucewa suka afka wa garin. Mahaifiyar Yaya ta fita da ƙafa tare da 'ya'yanta, ta rasu a hanya kafin su kai iyaka. A ɗakinmu aka yi zaman makoki, ni nake zuba wa masu gaisuwa shayi. Bayan an watse wani ɗan garinsu ya turo masa hoton nan da nake ciki. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini wayar.

"Ƙanena, ka san suna tafe?" Haka kawai ya tambaya.

Na ce na sani. Bai ɗaga murya ba. Ya ce da na faɗa masa, da ya sa an fitar da mahaifiyarsa a mota tun hanya na buɗe. Ƙarshen wata ya kwashe kayansa ya koma Al Thumama. Na je neman gafara, ya ce ya yafe, amma in daina zuwa.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, amma wannan bai wanke ni ba. 'Yan'uwana da ke aiki kusa da manya a ƙasar waje, kada fara'arsu ta rufe muku ido. In kunnenka ya ji abin da ya shafi ran wani, ka faɗa masa ko da aikin zai tafi. Ni nawa aikin bai tafi ba, har yau ina jan motar.