Faifai Ukku Cikin Adakar Malam

Kai jama'a, yau da na ga ana muhawarar ajiye bayanai wuri daban-daban sai da na yi dariya ni kaɗai!

Shekarun baya, lokacin kaina na hayaƙi da karatun kwamfuta a waya, na ɗauki hoton duk littattafan kakanmu na rubutun hannu da ke makarantarmu nan Illela. Wata huɗu ina yi, shafi-shafi, don gara ta fara cin su. Na karanta cewa ajiya wuri guda ba ajiya ba ce, sai na sayi faifan ajiya ukku na kwafe komai. Ɗaya ɗakin Malam, wato mahaifina, ɗaya wurin kawuna, ƙanen Malam, a Amarawa, ɗaya wurin gwaggona a Araba. Duk Lahadi ina bisa babur ina zagayawa, in ƙara musu sabbin shafuka. Ina ji da kaina kamar wani injiniya.

Don su kula da shi sosai, na ce wa kowannensu, "Wanga abu, duk ilimin kaka na ciki." Da aiki ya ƙare na bar zagaye.

Rannan aka kwana ana ruwa, rufin ɗakin Malam ya zauna bisa littattafai. Kowa na salati, ni ko ina ta ƙasaita: "Ku kwantar da hankalinku, akwai Amarawa, akwai Araba!"

Na kira kawu. Ya ce, "Mi? Wane ni in riƙe amanar ilimin tsoho ga babban yaya da rai? Tun bayan Sallah na kai ma Malam."

Na kira gwaggo, ta ce, "Ɗan nan, ni da jikoki ke ta wasa da shi? Ai na bi kawunka mun kai tare."

Na juyo wurin Malam. Ya ce, "Awo, suna nan. Na haɗe su ukkun cikin adaka, kada ɗaya ya ɓace." Adakar kuwa tana ƙarƙashin laka.

Muka tono ta, ruwa na ɗiga. Biyu sun tafi har abada. Na ukkun, da gwaggo ta naɗe cikin leda har huɗu kamar daddawa, shi mai gyara a Sakkwato ya tasar. Littattafai da yawa sun jiƙe ba su karantuwa, amma hotunansu na nan.

Abin da na gane, na shirya wa gobara da ambaliya, ban shirya wa ladabin gidanmu ba. Kuma laifina ne, ban taɓa gaya musu cewa nisan shi ne amfanin abin ba. Yanzu in na kai ajiya sai na yi bayani, kuma duk wata sai na je na gani da idona.

Ku fa, wa ya taɓa rusa muku shiri da kyakkyawar niyya? Ku ba mu labari.